Na'ura ta ce maƙiyi ne: a yarda ko a dakata?

Ran 26 ga watan Satumba 1983, cikin dare, ƙararrawa ta kaɗa a wata ɓoyayyar cibiyar soja kusa da Masko. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙon taurarin ɗan Adam ta ce Amurka ta harbo makami mai linzami ɗaya, daga bisani wasu huɗu. Hafsan da ke gadi, Stanislav Petrov, ya shaida wa magabatansa cewa ƙarya na'urar ke yi. Hujjarsa ita ce mai niyyar yaƙin nukiliya ba ya soma shi da makamai biyar kacal, kuma rada ta ƙasa ba ta hango kome ba. Ashe hasken rana ne bisa gajimare ya ruɗi taurarin. Ladan da ya samu a lokacin? Faɗa aka yi masa don bai cika littafin aiki daidai ba.

To amma kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci. Ran 3 ga watan Yuli 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka, Vincennes, ya kakkaɓo jirgin fasinja na Iran, mutum 290 suka halaka. A nan na'ura gaskiya ta rubuta: jirgin sama yake hawa. Sojojin ne, cikin firgita, suka ce saukowa yake kansu.

Aikin leƙen asiri ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ba makami ake nema ba, mutum ake nema. A 2015 takardun da Edward Snowden ya fallasa sun nuna wani shirin hukumar NSA ta Amurka, mai suna SKYNET, wanda ke tace bayanan wayoyin salula na miliyoyin ƴan Pakistan, yana duba inda mutum ya je da wanda ya kira. Wanda shirin ya ɗora a sahun gaba na ƴan aiken Alƙa'ida shi ne Ahmad Zaidan, shugaban ofishin Aljazeera a Islamabad a lokacin. Ɗan jarida ne, sana'arsa ce ke kai shi wurin mayaƙa, kuma ya musanta zargin.

Ɗan kasuwa in ya yi shakkar sikeli, yana da dutsen awo da zai gwada shi. Mai nazarin asiri sau da yawa ba shi da wannan dutse: na'ura ta ba shi suna da maki, ba ta faɗa masa dalili ba, ga shugaba na jiran rahoto kafin asuba. Lamarin bai yi nisa da mu ba. Jirage marasa matuƙi na Amurka sun yi ta shawagin leƙen asiri daga Agadas har zuwa ficewar sojojinta a 2024.