Nahawun Umarni: Rubuta Manhajar Layin Umarni don Sarrafa Gungun Kwamfutoci

Gungun kwamfutoci tarin na'urori ne da aka haɗa su yi aiki tamkar na'ura guda. A tsarin Kubernetes, wanda kamfanin Google ya fitar a shekarar 2014, sigarsa ta 1.0 kuma ta fito a watan Yulin 2015, mai aiki ba ya tuntuɓar kowace na'ura da kansa. Dukkan buƙatu ta ƙofa ɗaya suke shiga, wato kube-apiserver, manhajar da ake buga wa umarni kuwa ita ce kubectl. Aikinta na tafinta ne: ta karɓi gajeriyar jimla daga mutum, ta mayar da ita buƙatar HTTP, ta dawo da amsa yadda za a fahimta.

Abu na farko da mai rubuta irin wannan manhaja zai yanke wa shawara shi ne nahawu. A kubectl aikatau ne ke zuwa da farko, karɓau ya biyo baya: "kubectl get pods" ko "kubectl delete pod", daidai da ginin jimlar umarni ta Hausa irin su "kawo ruwa" da "rufe ƙofa". Tutocin da ake liƙawa, kamar "-n" mai nuna sashen da ake nufi, matsayin bayanau suke riƙewa. Slurm, wanda aka fara ginawa a ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Amurka, wata hanya ya bi, inda kowane aiki ke da tasa manhajar: sbatch ta miƙa aiki, squeue ta nuna jerin masu jira, scancel ta soke. Tsarin kubectl ya fi sauƙin faɗaɗawa, domin wanda ya haddace aikatau biyar zai iya amfani da su kan duk sabon sunan da ya shigo.

Manhajar tana da masu sauraro biyu. Mutum jadawali yake so, wata manhajar kuwa JSON take buƙata, shi ya sa aka tanadi tutar "-o json". Wajibi ne sakamako ya fita ta hanyarsa, saƙon kuskure ta wata hanyar daban, kuma manhajar ta rufe da lamba 0 idan an yi nasara kaɗai. Wanda ya yi sakaci da wannan, rubutaccen shirin da ya dogara da manhajarsa zai ci gaba da gudu bayan abu ya riga ya lalace.

Inda hatsari ya fi yawa shi ne wajen sauya abu. Idan mutum biyu suka gyara abu ɗaya a lokaci guda, Kubernetes na duba lambar siga mai suna resourceVersion, ya ƙi na baya da amsar 409. Bai dace manhaja ta ɓoye wannan ƙi ta danne gyaran wani ba. Haka nan idan sadarwa ta yanke bayan an tura buƙata, ba a san ko an aiwatar da ita ba, don haka dubawa ta fi maimaitawa. Fayil ɗin "~/.kube/config" kuma yakan ƙunshi adireshin gungu fiye da ɗaya, sai umarnin sharewa da aka yi nufin gungun gwaji ya faɗa kan na ainihi. Tutar "--dry-run" na rage wannan, tunda tana nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa kome ba.

Akwai batun da ya shafi Hausa kai tsaye. Yawancin sunayen abubuwa a Kubernetes suna bin ƙa'idar sunayen intanet, wadda ta amince da ƙananan haruffa a zuwa z da lambobi da karan-ɗori da ɗigo kawai. Saboda haka za a ƙi sunan "ƙamus", sai dai "kamus", bambancin ƙafa da kafa kuma ya ɓace. Manhaja mai kyau za ta gano hakan kafin ta tura buƙata, ta faɗi harafin da ya jawo matsalar, ta kuma ajiye cikakken sunan a filin bayani, wanda ke karɓar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Saƙonnin taimako ana iya fassara su zuwa Hausa, amma kalmomin umarni gara a bar su yadda suke, domin shirin da aka rubuta a Kano ya yi aiki a gungun da ke Jamus.