Kafin A Sauke Giyabos

Mota ta ƙi shiga giya, ko ta shiga da ƙara, ko a taka totur inji ya yi ta kuka ita kuwa ba ta ja. Da an kai ta gareji, abin da mai ita ya fi ji shi ne: "Alhaji, giyabos ya tafi, sai dai a nemo na Beljiyam." Daga nan sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna. A nan ake yawan tafka asara, domin sau da yawa cutar ba a cikin giyabos ɗin take ba, kuma ana iya gano ta ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba.

A mota mai kulochi akwai gwajin da kowane direba zai iya yi a ƙofar gidansa. A kashe inji, a ja birkin hannu, a taka kulochi, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In sun shiga salin alin, amma da an tayar da inji sai su ƙi, kulochi ne ba ya sakin inji gaba ɗaya. Galibi man birkin da ke famfon kulochi ne ya ragu, ko iska ta shiga, ko robar famfon na sama ko na ƙasa ta cinye. Ribas ce ke fara tona wannan asiri, don a motoci da yawa ba ta da zoben tagullar nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. In kuwa giya ɗaya tak ke gurzawa, musamman ta biyu, zobenta ne ya sheƙe, kuma wannan kam sai an buɗe. Giyar da ke fita da kanta ana cikin tafiya, a fara duba kujerar inji da robobin sandar giya.

Atomatik ta fi wuyar sha'ani, kuma rayuwarta duka a mai take. Man ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse faya-fayan ciki, shi ke sanyaya su. Sabo ja ne garau a yawancin motoci. In ya koma baƙi yana warin ƙuna, faya-fayan sun fara ci. In ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko ta bututun da ke ratsa lagireto don sanyaya shi, ko lokacin da aka kutsa ambaliya da damina. Irin wannan motar a ajiye ta nan take.

Ko auna man ma yana da ƙa'ida. A Toyota masu sandar awo, ana dubawa ne inji na aiki, ya yi zafi, giya na kan P. A tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji sannan a duba cikin minti ɗaya da rabi. Wanda ya auna Honda da dokar Toyota zai samu ƙarya, ya ƙara ko ya rage abin da bai kamata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake zuba kowane jan mai a kowace mota. Toyota na da T-IV, na da WS, kuma ba a musanya su. Honda na da DW-1, wanda ya gaji Z1. Ga kuma giyar CVT, wadda ba ta canza giya hawa-hawa, bel ɗin ƙarfe ne ke gudu tsakanin fulai biyu. Ita ce a Nissan Altima da Murano da yawa, da mafi yawan Corolla 'yan Amurka daga 2014. Nissan na buƙatar NS-2 ko NS-3, gwargwadon shekarar motar. A zuba mata man Dexron don ya fi araha, bel ɗin ya fara sulɓi, kuma ba gyaran da zai mayar da shi. Sunan man yana cikin littafin motar, wani lokaci ma an rubuta shi a jikin sandar awon.

Sai ɓangaren lantarki, inda aikin na mai wayarin ne. Motar da ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi sauyawa, ƙwaƙwalwarta ce ta ga wata matsala ta kulle ta da gangan don kada ɓarna ta ƙaru. Dalilin na iya zama na'urar auna gudu, ko soket da ya yi tsatsa, ko batir mai rauni. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, kuma lambobin da suka fara da P07 na giya ne. Kuɗin wannan binciken bai kai ko kusa da kuɗin giyabos ba. Wadda kuma sandarta ta ƙi fita daga P, a sa wani ya tsaya a baya a taka birki. In fitila ba ta kama ba, ɗan makunnin da ke saman fedar birki ne ya mutu, ko fis ya ƙone.

Akwai ranar da giyabos ke mutuwa da gaske: ƙarfe ya fito a gindin kwanon mai, ko mai ya cika daidai, lantarki lafiya, mota kuma ba gaba ba baya. A ranar, wanda za a sayo sai lambarsa ta yi daidai da ta tsohon, don mota iri ɗaya shekara ɗaya kan zo da giyabos daban-daban. A kuma wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura, in ba haka ba burbushin tsohon zai kwarara cikin sabon. Wajen kai motar gareji a ɗora ta a kan motar ɗauka. Jan atomatik da igiya nesa mai tsawo, inji a kashe, yana juya kayan ciki alhali famfon mai ba ya aiki.