Yunwar da ke Dawowa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Laifin Wa?

A shekarar 2018 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 1,406 da aka yi wa tiyatar karkatar da hanji don rage ƙiba. Shekara biyar bayan nauyinsu ya gama sauka, matsakaicin mutum a cikinsu ya mayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zubar. Yadda jama'a ke fassara irin wannan labari shi ke ɓata mini rai. Da an ga mutum ya fara cikowa sai a ce kwaɗayinsa ya tashi, ya yi asarar miliyoyin da aka kashe masa. Wannan zalunci ne, kuma yana kawar da ido daga inda gizo ke saƙar.

Jiki ba ya amincewa da rama cikin sauƙi. Sinadarin garelin, wanda aka gano a Japan a 1999, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa, kuma akasarinsa daga saman tumbi yake fitowa, wato ɓangaren da ake cirewa a wani nau'in tiyatar, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin. Shi ya sa a shekarar farko wasu sai an tuna musu su ci abinci. Amma kitsen da ya narke shi ma yana da nasa sinadarin, leftin, kuma idan ya yi ƙasa ƙwaƙwalwa ɗauka take fari ya shigo: ta ƙara yunwa, ta rage abin da jiki ke ƙonawa. Ga tsoka ta zube tare da kitsen, ga ɗan tumbin da aka bari yana sabawa da ɗaukar abinci fiye da farko. Babban binciken ƙasar Swidin da aka fara a 1987 ya nuna haka ƙarara. Waɗanda aka karkatar wa hanji sun zubar da kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu, a shekara ta goma kuwa ragin ya koma kashi 25. Tiyatar ta yi aikinta, domin riƙe kashi 25 na shekara goma abu ne da rage cin abinci kaɗai da wuya ya ba mutum.

Akwai wata yunwar da ta fi wannan yaudara. Bayan tiyata, abu mai zaƙi kan zarce hanji da sauri, sukarin jini ya yi sama, insulin ya kwararo, bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin ya faɗi. Sai gumi, sai karkarwa, sai wata matsananciyar yunwa da ke tura mutum neman zaƙin kuma. Lemon kwalba, shayi mai kauri, kunu ko fura da aka cika wa sukari, biskit da cincin, duk wucewa suke ba tare da sun cika ɗan tumbin ba. Ƙwai, kifi, nama da wake su ke zama su ƙosar. Wannan ne dalilin da likitoci ke cewa a fara da su, a samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, a kuma raba ci da sha. Wanda ba a yi wa wannan bayanin ba zai ɗauka halinsa ne ya lalace.

A ganina babban dalilin dawowar ƙibar shi ne watsi da majiyyaci. A Ingila ƙa'ida ta tanadi bibiya ta aƙalla shekara biyu a asibitin da aka yi aikin, sannan dubawa duk shekara har ƙarshen rayuwa. Mutanenmu da ke zuwa Indiya, Masar ko Turkiyya kan dawo bayan 'yan makonni da takardar sallama, shi ke nan. Yunwar kuwa sai a shekara ta biyu ko ta uku take bayyana sosai, lokacin da babu mai tambayarsu.

Masu ɗora laifi kan ɗabi'a suna da ɗan abin kamawa. Ciye-ciye ba tsayawa da yawan zama suna tafiya tare da dawowar ƙiba, kuma hawa sikeli duk mako yana taimakawa. Sai dai ɗabi'ar ma da taimako ake gyara ta, gori ba ya gyara ta.

Illar ba ta tsaya ga kaya su matse ba. Ciwon suga da hawan jini na iya dawowa, kunya ta hana mutum komawa asibiti, ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 ya yi ta cin sa a ɓoye, shi kuwa yana bin masu tallar shayin rama a Facebook. Alhali akwai magani. Wani gwaji da aka yi a Landan, aka wallafa a 2023, ya nuna allurar liraglutide ta rage kusan kashi 9 cikin 100 na nauyin waɗanda tiyata ba ta wadatar ba, cikin mako 24. Irin waɗannan allurai suna da tsada, kuma ƙiba kan dawo idan an daina, don haka su ma sai da likita a kusa.

Duk mai shirin wannan tiyata ya tambaya tun kafin ya biya ko sisi: wa zai duba ni a shekara ta uku? Wanda kuma yunwa ta dawo masa, ya koma asibiti tun ƙarin bai wuce kilo kaɗan ba.