Daga Gona zuwa Kasuwar Duniya: Darasin Gyaɗar Kano a kan Gogayyar Ciniki da Zuba Jari



Abin da nake so mu duba yau tambaya ce guda: me ke sa kayan wata ƙasa su sami shiga a kasuwar duniya, na wata kuma su yi kwantai? Masana tattalin arziki suna kiran wannan ƙarfin gogayya, watau ikon kai kaya mai kyau gaban mai saye, a kan lokaci, bisa farashin da wani ba zai karya ba. Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan ɗauke mu zuwa Rimin Gado, wadda duk wanda ya bi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, zai iske ta.

Rimin Gado tana cikin karkarar nan da ta kewaye birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta samun hutu. Tun zamanin kakanni ana noma ta kowace damina, ana raya ta da takin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa cikin mangala. Manomin da ya zuba taki a gonar da zai bar wa 'ya'yansa, jari ya zuba, ko da bai taɓa shiga banki ba. Ina roƙon a riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa sun yi tsammanin auduga za su samu domin masaƙun Ingila. Amma manoman karkarar Kano suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga harawa domin dabbobi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Daga 1912 gyaɗa ta soma tudaɗa zuwa tasha, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga tsakanin manomi da kamfanonin Turawa. Ƙasar nan kuwa da manomanta suna nan tun kafin 1911. Abin da ya canja shi ne kuɗin ɗaukar buhu zuwa bakin teku, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Da wannan kuɗi ya sauka, sai gyaɗar Kano ta iya gogayya da ta kowa, har a shekarun 1960 Nijeriya ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da ita, dalar gyaɗa ta zama alamar Kano.

To, yaya aka yi abin ya kuɓuce? Dalilai uku suka haɗu. Na farko, farashi. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda daga 1954 ta koma hannun Jihar Arewa, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje. Tana yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. Gaskiya ne an yi ayyuka da rarar, har da masaƙar Kaduna ta 1957, amma haraji ne a ɓoye a kan manomi. Na biyu, annoba: farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda ta cinye gonaki. Na uku, man fetur. Da farashinsa ya tashi a 1973, kuɗin waje suka kwararo, naira ta yi tsada har ɗaya ta fi dalar Amurka. Mutane suka ɗauki wannan abin alfahari, alhali ma'anarsa ita ce kayanmu sun yi wa baƙo tsada, nasa kuma sun yi mana araha. Samari suka bar gona suka nufi birni, manomi ya koma kan gero da dawa. Da aka rushe hukumomin a 1986, an riga an rasa kasuwar, Amurka da Ajantina da Sin da Indiya sun gaje ta.

Nan ne maganar yanayin zuba jari ta shigo. Mai jari, ɗan ƙasa ko baƙo, tambayoyi uku yake yi. Nawa zan kashe kafin kayana su isa kasuwa? Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun ba da amsa mai ɗaci, domin da yawa daga cikinsu, musamman masaƙu, sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar man injin, ga yadin Sin mai araha ya cika Kantin Kwari. Ta biyu, dokar yau za ta kai gobe? A 1972 da 1977 an taƙaita hannun baƙi a kamfanoni, a 1995 aka buɗe musu ƙofa gaba ɗaya. A Yulin 2019 Nijeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, a Agustan shekarar ta rufe iyakokinta na ƙasa har Disambar 2020. Wanda zai kafa injin matsar mai na shekara 20 ba zai iya lissafi a kan irin wannan ba. Ta uku, mai saye zai amince da kayana? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya saboda maganin ƙwari da ya wuce ƙima. Gyaɗa kuma tana da nata cikas, watau gubar da fumfuna ke haifarwa in ba a busar da ita sosai ba. Wannan gyara a farfajiyar manomi yake farawa, sai dai ba zai wahala a kansa ba muddin ɗan kasuwa yana sayen mai kyau da marar kyau kuɗi ɗaya.

Ba a rasa abin ƙarfafa zuciya ba. Riɗi da zoɓorodo suna fita daga kasuwar Dawanau zuwa Asiya da Meziko. A 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, domin a gama takardun kwastan a Kano maimakon Legas. Amma amfaninta ga mutumin Rimin Gado ya rataya ne a kan hanyar da ta taso daga gonarsa, da yawan shingayen da ake tsayar da mota a kanta, da jirgin ƙasa mai tashi a kan lokaci.

Saboda haka, ku ma'aikata da ku ɗalibai da za ku gaje su, kafin ku sa hannu a kan wani sabon haraji ko hani, ku tambayi kanku nawa zai ƙara a kan buhu guda, kuma wa zai biya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Baƙo ba zai kawo jarinsa inda ya ga ɗan gida yana janye nasa ba. Ranar da manomin Rimin Gado ya ga ƙarin takin da ya zuba yana komo masa da riba, ranar ce za a iya gayyatar na waje a sa ran zai zo.