GGPO: Laburaren da Ke Ɓoye Jinkirin Intanet a Wasannin Faɗa

Duk wanda ya taɓa buga wasan faɗa ta intanet ya san wannan takaici: ya danna maɓalli, amma naushin bai fita ba sai da abokin karawa ya kai shi ƙasa. Dole saƙo ya ci lokaci a hanya, domin ko haske a cikin wayar fiba kusan kilomita 200 yake tafiya a milisakan ɗaya. Wasan faɗa kuwa hoto 60 yake zanawa a kowane sakan, don haka jinkirin milisakan 100 ya cinye hoto shida ke nan.

Mai haɗa wasa ba zai iya rage nisa ba, sai dai ya ɓoye shi. Wannan ne aikin laburaren da ake saka wa a ɓangaren ɗan wasa, wato tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, wanda ke aiki a kan na'urar mai buga wasan.

Yadda yake aiki

A tsohon tsari, wasa yakan jira saƙon ɗaya ɓangaren kafin ya motsa. GGPO, wanda Tony Cannon ya fitar a 2006, ba ya jira. Da an danna maɓalli sai motsin ya fita nan take, laburaren kuma ya yi hasashen cewa abokin karawa yana nan kan abin da ya danna a baya. Idan saƙon gaskiya ya iso ya dace da hasashen, shi ke nan. Idan ya saɓa, sai a mayar da wasan baya zuwa inda aka yi kuskure, a sake lissafa hotunan da sauri, a nuna sakamakon da ya dace. Ɗan tsallen da ake gani jefi-jefi a allo, gyaran ne.

Sharuɗɗansa

Wajibi ne wasan ya iya adana halin da yake ciki, ya dawo da shi, ya kuma ci gaba ba tare da zana hoto ba. Sannan dannawa iri ɗaya dole ta ba da sakamako iri ɗaya a na'urorin biyu. Kuskure ƙanƙani a nan, sai kowa ya koma kallon wasa dabam.

GGPO yana haɗa 'yan wasa kai tsaye ta UDP, ba sai an bi ta uwar garke ba. Skullgirls da shi yake aiki, kuma tun 2019 kod ɗinsa a buɗe yake ƙarƙashin lasisin MIT.

Ya fi dacewa da wasan mutum biyu zuwa huɗu. Mai niyyar amfani da shi ya tsara wasansa a kan waɗannan sharuɗɗa tun ranar farko, domin cusa shi daga baya kan tilasta sake rubuta babban ɓangare na wasan.