Tauraron Bama: Mindar da ba ta ɗauke da sunan mai ita

A gidaje da dama na zanguna a Akra, Kumasi da Tamale, mukan iske wani ɗan ƙarfe mai tsini shida a ajiye cikin adaka. Wannan shi ne Tauraron Bama, lambar yabon da Ingila ta ƙirƙiro a shekarar 1945 domin sojojin da suka yi yaƙin Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945.

Ƙyallen da ake rataya mindar ja ne a tsakiya, gefensa shuɗi mai ratsin ruwan lemo. Sai dai in mun juya bayanta, ba za mu ga suna ba, domin hukumomin Ingila sun raba ta ne ba tare da an zana sunan mai ita ba.

To, su wane ne waɗannan mazajen? Runduna biyu aka kai daga Afirka ta Yamma, wato ta 81 da ta 82, waɗanda suka haɗa 'yan Gwalkwas, Nijeriya, Saliyo da Gambiya. Hausa ce harshen da yawancinsu ke fahimtar juna da shi a bariki. A 1944 runduna ta 81 ta kutsa kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota. A ka aka riƙa ɗaukar harsasai da kayan yaƙi, abinci kuwa sai jirgin sama ya jefo. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka ƙwace garin Miyohan daga hannun Japanawa. Shi ya sa har yau muke da barikin Bama a Akra, da barikin Miyohan a Takoradi.

Da suka dawo gida, sai suka tarar minda ba ta sayen masara. Kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, aikin da suka sa rai bai samu ba, ga tsadar kaya. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsoffin sojojin suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna da ke Osu don miƙa takardar koke. A mararrabar hanya 'yan sanda suka tare su, wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya buɗe wuta. Nan take Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka rasa rayukansu. Tarzomar da ta biyo baya ce ta sa aka kama Kwame Nkrumah da wasu shugabanni biyar, kuma ta gaggauta samun 'yancin Gana a 1957.

Sunayen mutum ukun nan sun shiga tarihi, ana tunawa da su kowace shekara. Sauran dubban fa? Wanda ya shiga soja yana saurayi a wancan yaƙi, in yana raye, shekarunsa sun kai ɗari ko sun kusa.

Don haka muna kira ga duk iyalin da ke da wannan minda da kada su sayar wa dillalan kayan tarihi. A rubuta sunan mai ita, garinsu, lambarsa ta soja da bataliyarsa, a haɗa da takardar sallama in tana nan. Muna kuma roƙon gidan tarihin soja na Kumasi da ya tura ma'aikatansa zanguna su tattara waɗannan sunaye, tun waɗanda suka san su suna raye.