Amfani da Hasken Rana wajen Cajin Batirin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

Jirgin ruwa mai tafiya da iska shi ne wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle a jikin dogon ginshiƙi, iska ta buga ƙyallen ta tura shi. Irin waɗannan jirage sun yawaita a gaɓar tekun Bahar Rum da Ingila da Amurka. Duk da cewa iska ce ke tafiyar da su, ba sa rabuwa da batir, domin shi ne ke kunna fitilun dare da rediyon neman agaji da na'urar nuna hanya, da kuma famfon da ke kwashe ruwan da ya tsiyaya cikin jirgi. Dokokin hana karon jirage a teku na shekarar 1972 sun wajabta kunna fitilu daga faɗuwar rana zuwa fitowarta.

Matsalar ita ce, injin jirgin ne ke cajin batir, alhali ba a cika tayar da shi ba. Haka kuma jirgi kan yi makonni a ɗaure ba kowa a ciki. Batirin dalma, wato irin na mota, yana rage ƙarfi da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma idan ya daɗe a mace wani gishiri kan daskare a jikin dalmar, ya lalata shi har abada. Mafi muni, da zarar batir ya mutu famfo ya tsaya. Ruwan sama da na yoyo su taru, jirgi ya nutse a inda aka ɗaure shi.

A nan ne farantin sola ya shigo. (Masu nazarin harshe su lura: sola da batir da caji duk kalmomin aro ne da suka bi tsarin sautin Hausa.) Bafaranshe Edmond Becquerel ne ya gano a 1839 cewa haske na iya haifar da lantarki, amma sai a 1954 aka ƙera farantin farko mai amfani a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, wanda ke juya kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya same shi. Na yanzu suna kai kashi 20 ko fiye.

Farantin da aka yi don batir mai bolt 12 yakan fitar da wajen bolt 18. Saboda haka ba a haɗa shi da batir kai tsaye, sai ta hanyar na'urar daidaita caji. Ita ce ke ɗaga batir zuwa wajen bolt 14.4, idan ya cika ta sassauta zuwa wajen 13.5, da dare kuma ta hana wuta komawa cikin farantin. Idan babu ita, ruwan batir zai ƙafe, ya riƙa fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta, abin da ke da haɗari ƙwarai a rufaffen ɗakin jirgi.

Dangane da girma kuwa, lissafi ake yi. Faranti mai wat 100 yana ba da kusan amfiya 5.5 a tsakar rana. Idan aka sami awa 5 na rana mai ƙarfi, an tara kimanin amfiya-awa 27.5 ke nan. Wannan ya wadatar da fitilu da rediyo da famfo, amma da wuya ya ɗauki firji. Jirgin da ke ɗaure kawai, faranti mai wat 10 zuwa 20 kan ishe shi.

Babban abokin gābar sola a jirgi shi ne inuwa, kuma a ganina nan ne aka fi yin sake. Ƙwayoyin farantin a jere suke haɗe, kamar tiyo guda: a taka shi a wuri ɗaya, ruwa ya ragu ko'ina. Inuwar ginshiƙi ko ta ƙyalle da ta rufe ƙwaya ɗaya tana iya zubar da kaso mai yawa na wutar, ga shi jirgi ba ya tsayawa a fuska ɗaya. Shi ya sa ake kafa farantin can bayan jirgi, nesa da ginshiƙi, ko a raba shi gida biyu, kowane gefe da nasa. Gishirin teku kuma yana cin waya, don haka ake amfani da wayar jan ƙarfe da aka shafe da kuza, ana kuma wanke fuskar farantin da ruwan daɗi a kai a kai.